Jirgin wasa daga Amurka, wuta daga Najeriya: Abin da ke ƙona tsarabar mazauna ƙetare a Madarunfa

Kwalin yakan iso ne ta hannun wani ɗan gari da ya dawo hutu, ko a cikin kwantenar kayan gwanjo. A ciki akwai kan jirgin ƙasa da bai wuce tafin hannu ba, da taragu uku ko huɗu, da guntayen dogo da ake harhaɗawa su yi zobe, sai wani ɗan baƙin akwati mai igiya da maɓallin ƙara gudu. Yara su yi da'ira a tsakar gida, a shimfiɗa dogon a kan tabarma, babban yaya ya jona filogi a soket. Filogin ya shiga daidai, babu gardama. Sai a ji wata 'yar ƙara, hayaƙi ya biyo baya da warin ƙonewar waya. Jirgin ko motsi bai yi ba.

Jirgin wasa mai aiki da lantarki ba abu ne da ake gani a kowane gida ba a Madarunfa, garin da ke bakin tafki kudu da Maraɗi, a gundumar da ta yi iyaka da Jihar Katsina. Amma abin da ke kashe shi a minti na farko shi ne ke kashe kilifar aski, da injin markaɗe, da keken ɗinki, da na'urar wasan yara da 'yan uwa ke aikowa daga Amurka, Kanada ko Japan. Kowace na'ura an ƙera ta ne don wutar ƙasar da za a sayar da ita, kuma ba ta sauya hali don ta hau jirgin sama.

Ga wanda ya yi watanni yana tara kuɗi a ƙasar mutane, asarar ba ƙarama ba ce. Ga mai askin da ya dogara da kilifar, abincin gidansa ne. Wani lokacin ma abin yakan kai ga gobara.

Lambobi biyu da ke jikin kowace na'ura

Duk na'urar lantarki tana da ɗan rubutu a ƙasanta, ko a bayanta, ko a jikin cajarta. A cikin rubutun akwai lambobi biyu da suka fi sauran muhimmanci.

Ta farko ita ce mai harafin V a gabanta, wato bolt. Ita ce ke nuna ƙarfin turin wuta, kamar yadda ruwan famfo ke da ƙarfin turi a cikin bututu. Wutar gidaje a Nijar, wadda ake kira kuran, bolt 220 ce, ta Najeriya kuma 230. Wannan ɗan bambanci ba ya cutar da yawancin kaya. Faransa, Ingila da Jamus suna kan 230, Sin tana kan 220. Amurka da Kanada kuwa suna kan 120, ko da yake har yanzu mutane na ce mata 110. Japan ce mafi ƙasa, da bolt 100.

Lamba ta biyu ita ce mai haruffan Hz. Wutar da ke zuwa daga turke ba hanya ɗaya take bi ba, tana kai-da-komo ne a cikin waya. Yawan wannan kai-da-komo a sakan ɗaya shi ne ake rubutawa da Hz, kuma za a iya kiransa bugun wuta. A Nijar da Najeriya da Turai da Sin bugu 50 ne. A Amurka da Kanada 60 ne. Saudiyya ma 60 ce, abin da ya kamata alhazai masu sayo tsaraba su sani, duk da cewa ƙarfin wutarta ya zo ɗaya da na nan a yawancin wurare.

Bambancin ya samo asali ne tun farkon zamanin lantarki. Tashar da Thomas Edison ya buɗe a New York a 1882 tana ba da bolt 110 ne, saboda abin da ƙwayayen fitilunsa ke ɗauka ke nan. Daga baya kamfanin Westinghouse ya tsaya a kan bugu 60, yayin da kamfanin AEG na Jamus ya zaɓi 50, Turai ta bi shi. Ƙasashen Afirka da Turawa suka mallaka sun gaji tsarin iyayengijinsu. Japan ta samu kanta a tsaka-mai-wuya: Tokyo ta sayo injina daga Jamus, Osaka ta sayo daga Amurka, shi ya sa har yau gabashin ƙasar ke kan 50, yammacinta kan 60.

Shigar filogi ba shaida ba ce

Babban tarkon yana jikin soket ne. Filogin Amurka mai faffaɗan haƙora biyu ne, na Faransa mai zagayayyun haƙora, na Ingila mai haƙora uku masu kusurwa.  To amma doguwar igiya mai soket da yawa da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Katsina, mafi yawa ƙirar Sin, tana karɓar kowane irin filogi. Haka ma ɗan adaftan da ake saye da araha: siffar haƙoran kawai yake sauyawa, wutar da ke ratsa shi tana nan yadda take.

Idan aka ba na'urar bolt 110 wuta mai bolt 220, ba ninki biyu na zafi take samu ba, ninki huɗu ne, domin turin ya ninka, yawan wutar da ke ratsawa ma ya ninka. Dutsen guga mai wat 1,000 zai nemi ya ja wat 4,000. Taransifoma kuwa ba ta ma jira lissafin ya kai nan: ƙarfen cikinta yakan cika ya ƙoshi, siririyar wayar da aka naɗa a kansa ta ɗauki zafi, fentin da ya lulluɓe ta ya narke cikin 'yan sakanni. Warin da ake ji ke nan.

Yadda jirgin wasa yake shan wuta

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne jirgin kansa bai san wutar bango ba. Abin da ke bin dogon ƙaramar wuta ce, tsakanin bolt 12 zuwa 18, wadda ba ta cutar da yaro idan ya taɓa da busasshen hannu. Ɗan baƙin akwatin nan shi ne ke karɓar wutar gida ya rage ta. Saboda haka idan hayaƙi ya tashi, galibi akwatin ne ya mutu, jirgin na nan da ransa. Kada a yi saurin jefar da kwalin.

Jiragen sun kasu gida biyu. Akwai masu aiki da wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir, wadda ake rubuta wa DC. A nan ne mafi yawan ƙananan jirage suke, irin na Hornby na Ingila, da Bachmann na Amurka, da Kato da Tomix na Japan. Dogonsu layi biyu ne, suna shan bolt 12 ko kusa da haka, kuma idan aka juya wayoyin biyu jirgin ya koma da baya.

Akwai kuma masu aiki da wuta mai kai-da-komo, wadda ake rubuta wa AC. Fitattu a nan su ne Lionel, kamfanin Amurka da aka kafa a 1900, wanda dogonsa layi uku ne kuma yake kai wa bolt 18, da Märklin na Jamus, wanda ya faro tun 1859, mai bolt 16. Waɗannan sun fi wuyar sha'ani idan sun bar ƙasarsu.

A ƙasashen da suka fito, ba yara kaɗai ke wasa da su ba. Manya na kashe kuɗi masu yawa suna gina garuruwa da gadoji da tashoshi a ɗakunansu. A Hamburg ta Jamus akwai Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda jama'a ke biyan kuɗi su kalli mafi girman shimfiɗar irin waɗannan jirage a duniya. Wannan ne ya sa wani tsohon kan jirgi da ya faɗo cikin dilar gwanjo zai iya fin duk sauran kayan dilar daraja.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda aka rage jirgin gaske sau 87. Faɗin dogonsa milimita 16.5 ne. Idan aka ninka wannan sau 87, za a samu kusan milimita 1,435, wato faɗin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi.

Jirgin gaske na kan hanya

Wannan ne ya sa batun jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a bakin mutanen gundumar. A ranar 9 ga Fabrairun 2021 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kusan dala biliyan biyu. Layin zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, sannan ya tsallaka iyaka ya nufi Maraɗi. Ƙasar da ke tsakanin iyakar da birnin Maraɗi kuwa ta gundumar Madarunfa ce, inda garin Ɗan Isa yake.

Kano ta ga jirgin ƙasa tun 1911. Nijar kuwa har yau ba ta da jirgin da ke jigila. Layin da kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, wanda aka ƙaddamar a 2016, bai taɓa shiga harkar sufuri ba. Saboda haka ga yaron Madarunfa da bai taɓa zuwa Kano ba, jirgin da kawunsa ya aiko a kwali zai iya zama na farko da ya gani yana tafiya a kan dogo. Ga malamin makaranta kuma, kayan koyarwa ne da ke nuna yadda wuta ke zagayawa, da yadda maganaɗisu ke juya ƙafa.

Taransifomar rage wuta ta magance rabin matsala ne

Maganin da aka fi sani shi ne taransifomar rage wuta, wadda masu shaguna ke kira sitef-dawun. Tana karɓar 220 ta fitar da 110. Tana aiki, amma da sharuɗɗa.

Na farko shi ne girma. A duba lambar wat da ke jikin na'urar, a sayi taransifomar da ta fi ta da rabi ko ta ninka ta. Akwatin jirgi mai wat 80 yana son taransifoma mai wat 150 zuwa 200. Injin markaɗe mai wat 600 yana son mai wat 1,000 ko fiye. Duk abin da ke da babban moto, kamar firji, yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, don haka dole a ba shi sarari.

Na biyu shi ne nauyi. Taransifomar gaske ƙarfe ce da jan ƙarfe, tana da nauyi a hannu. Akwai wata 'yar na'ura mara nauyi da matafiya ke saye, wadda ake rubuta wa wat 1,600 ko 2,000 alhali ba ta fi girman sabulu ba. Ita ba rage wuta take yi ba, yanka ta take yi gunduwa-gunduwa. Dutsen guga da butar dafa ruwa ba su damu ba, amma tana kashe akwatin jirgi, da rediyo, da duk wani abu mai allon lantarki a ciki.

Sharaɗi na uku shi ne wanda mai shago ba ya faɗa: taransifoma ba ta sauya bugun wuta. Idan bugu 50 ya shiga, 50 ne zai fito.

Abin da bugu 50 ke yi wa kayan bugu 60

Taransifomar da aka naɗa don bugu 60, idan aka ba ta 50, ƙarfen cikinta yana ɗaukar nauyin maganaɗisu da ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Wadda aka ƙera da yalwar ƙarfe za ta jure, sai dai ta yi gurnani da ɗumi. Wadda aka yi wa ƙoron ƙarfe za ta yi zafi har ta mutu. A tuna kuma cewa an ƙera su ne don ɗaki mai sanyi, ba don watan Afrilu a Maraɗi ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Tsofaffin taransifomomin Lionel, waɗanda ƙarfe da waya ne zalla, sukan yi aiki ta sitef-dawun idan ba a cika musu kaya ba kuma ana ba su hutu. Wasu sababbi masu allon lantarki a ciki kuwa, kamar samfurin CW-80, suna ƙidaya bugun wutar ne don su daidaita gudu. Masu sha'awar jiragen a Turai da Ostireliya sun daɗe da sanin cewa wannan samfuri ba ya aiki yadda ya kamata a kan bugu 50, ko da bolt ɗin ya yi daidai.

Masu aski sun san wannan ciwo ko da ba su san sunansa ba. Kilifar Amurka mai igiya, irin wadda maganaɗisu ke kaɗa wa baki, tana bin bugun wuta ne kai-tsaye. A kan bugu 60 bakin na kai-da-komo sau 7,200 a minti, a kan 50 kuwa sau 6,000. Ƙarfen da ke riƙe da bakin an auna shi ne da bugun farko, shi ya sa idan ta zo nan take ƙara kamar injin niƙa, ta yi zafi, ta riƙa cizgar gashi. Murɗa ƙusar gefe yakan rage ƙarar, amma ba ya mayar da ita yadda take a can. Kamfanonin da ke ƙera ta suna da samfurin Turai mai 230 da bugu 50, kuma shi ya kamata a nema.

Agogon bango ko na rediyo da ke ƙidaya lokaci da bugun wuta ya fi ban mamaki. Na Amurka idan ya zo Nijar zai riƙa makara da minti 10 a kowace awa, wato awa huɗu a yini da kwana. Wanda ya dogara da shi don sahur ya shiga uku. Moto mai juyi 3,600 a minti kuma yakan koma 3,000, don haka famfon ruwa ko fanka za su rage ƙarfi.

Idan aka juya lamarin, abin ya fi sauƙi. Taransifomar bugu 50 ba ta wahala a kan 60. Wanda ya tafi da kayan Maraɗi zuwa Jidda ba zai ga hayaƙi ba, sai dai moto ya ƙara sauri.

Wutar Madarunfa ma baƙuwa ce

Akwai wani abin da ya sa lissafin ya fi rikitarwa a nan. Wutar da NIGELEC ke rabawa a yankin Maraɗi da Damagaram, kaso mai yawa nata na shigowa ne daga Najeriya, ta babban layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin ke rabawa a faɗin ƙasar daga Najeriya yake sayo ta. Ke nan jirgin da aka ƙera don wutar Amurka, aka jona a soket ɗin Nijar, wutar wata ƙasa ta uku yake sha.

An ga illar wannan dogaro bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. A farkon Agusta Najeriya ta katse wutar a cikin takunkumin ECOWAS. Sai da ƙungiyar ta janye takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024 sannan aka kama hanyar dawo da ita. Ko bayan nan, duk lokacin da babban layin Najeriya ya faɗi, kamar yadda ya yi sau da dama a 2024, garuruwan da ke wannan gefen iyaka na ji a jikinsu.

Abin da wannan ke nufi ga na'ura shi ne lambar 220 suna ce kawai. Da maraice, idan kowa ya kunna fanka da firji, wutar kan yi ƙasa, musamman a unguwannin da ke ƙarshen layi. Idan aka ɗauke aka dawo da ita, takan zo da ƙarfi. Sitef-dawun raba wuta biyu kawai take yi: idan 180 ta shigo, 90 za ta fitar, idan 250 ta shigo, 125 za ta fitar. Shi ya sa ake sa sitabilaiza a gabanta, kuma ake cire filogi da zarar an ɗauke wuta, a jira ta zauna bayan ta dawo.

Ƙaramin janareta ma ba mafita ba ne kai-tsaye. Domin ya ba da bugu 50, dole injinsa ya riƙe juyi 3,000 a minti. Idan aka ɗora masa kaya ya yi nishi, ko mai ya kusa ƙarewa ya fara shaƙewa, bolt da bugu duk suna rawa tare.

Batir ya fi turke kusa da jirgin

A ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, faifan sola da batir mai bolt 12 sun zama kayan gida a ƙauyuka da yawa. Abin sha'awa shi ne, ga jirgin wasa, wannan ya fi wutar turke dacewa.

Jirgin DC mai layi biyu bolt 12 yake so, kuma abin da batirin sola ko na mota ke bayarwa ke nan. Abin da ake buƙata shi ne ɗan allon sarrafa gudun moto mai maɓallin murɗawa, wanda masu sayar da kayan lantarki ke da shi, da makunnin juya wayoyi don komawa baya, da kuma fis mai amfiya ɗaya ko biyu a kusa da batirin. Fis ɗin ba abin wasa ba ne. Batirin mota na iya sakin wutar da za ta mayar da waya garwashi idan cokali ko ƙusa ta faɗo ta haɗa layukan dogon biyu.

Ga jirgin AC na Amurka da kilifar da ta nace sai bugu 60, akwai wata dabara: inbata ƙirar Amurka, wadda ke karɓar bolt 12 daga batir ta fitar da 120 a kan bugu 60. Wannan ce hanya mafi sauƙi ta samun wutar Amurka a Madarunfa, domin inbata ita ke ƙirƙirar bugunta. Sai dai a nemi mai fitar da wuta mai santsi irin ta turke. Mai araha, wadda wutarta ke fita tsalle-tsalle, tana sa taransifoma gurnani da zafi.

Hanya ta uku ita ce a sauya akwatin gaba ɗaya. Yawancin cajojin zamani, na waya da na kwamfuta da na sababbin jirage da ake sarrafawa da rimot, an rubuta musu 100–240V 50/60Hz. Duk abin da ke ɗauke da wannan rubutu ɗan duniya ne, adafta kawai yake buƙata. Idan cajar da ta zo da na'urar ta 120 ce kaɗai, ana iya samun wata a kasuwa da ke fitar da bolt iri ɗaya, da amfiya daidai ko fiye, da baki iri ɗaya. A tabbatar ko AC take fitarwa ko DC, kuma a duba ɗan zanen da ke nuna inda alamar tarawa da ta ɗebewa suke, domin juya su na iya ƙona allon ciki.

Masu naɗin kwayil ma na iya sake naɗa taransifomar da ta ƙone. Amma lissafin ba ninki biyu ba ne kawai. Daga bolt 120 bugu 60 zuwa bolt 230 bugu 50, zagayen wayar gefen shiga ya kamata ya ƙaru kusan sau 2.3. Wanda ya tsaya a ninki biyu zai ba da taransifomar da ke aiki amma tana zafi. Kuma tun da abin wasan yara ne, dole rufin da ke raba wayar bango da wayar dogo ya zama mai kyau, domin idan suka haɗu, wutar bango ce za ta hau dogon da yaro ke taɓawa.

Dabarun da ke jawo gobara

Akwai wasu hanyoyi da ake bi don gudun sayen taransifoma, kuma dukkansu haɗari ne. Wasu kan jera ƙwan fitila a kan layin don ya shanye rabin wutar. Wasu kan jona na'urori biyu na 110 a jere. Wasu kan sa maɓallin rage gudun fanka. A duk waɗannan, rabon wutar yana sauyawa da zarar na'urar ta ƙara ko ta rage abin da take ja, kuma wadda ta fi rauni ita ke ƙonewa.

Tsofaffin taransifomomi masu jikin ƙarfe da ke fitowa daga dilar gwanjo ma abin lura ne. Robar igiyarsu takan bushe ta tsattsage, kuma da yawa an yi su ne kafin a tsaurara dokokin kariya. Kafin a ba yaro, mai gyara ya gwada da mita ya ga babu wutar da ke zuba a jikin ƙarfen. Akwatin da sitef-dawun su zauna a kan teburi ko siminti, ba a kan katifa ko ƙarƙashin zane ba, kuma babba ne zai riƙa jonawa da cirewa.

Sai ƙura. A lokacin hunturu, jirgin da ke tsayawa yana tashi ba lallai wuta ce matsalarsa ba. Ƙafafunsa ne ke ɗaukar wuta daga dogo, kuma ƙura kaɗan na raba su. Tsumma mai tsabta da ɗan sifirit sun isa. Sosa dogon da soson ƙarfe na barin ɓurɓushin da maganaɗisun moto zai janyo ciki.

Kafin a rufe kwali

Mafi arahar gyara shi ne wanda aka yi tun a shagon da aka sayi kayan. Mai aikowa daga Amurka, Kanada ko Japan ya juya na'urar ya karanta rubutun da ke gaban kalmar INPUT. Idan ya ga 100–240V, ya saya hankali kwance. Idan ya ga 120V 60Hz kaɗai, ya tambayi kansa ko abin na da moto ko agogo a ciki, ya kuma lissafa kuɗin taransifoma ko inbata a cikin kuɗin tsarabar. Sau da yawa kilifa mai caji, ko jirgin DC, ko samfurin da aka yi don Turai ko Dubai, ya fi sauƙi a ƙarshe. Wanda ke Faransa, Beljiyam, Jamus, Ingila, Aljeriya ko Libiya ba shi da wannan damuwa, wutarsu da ta gida ɗaya ce.

Wasu tsofaffin kwamfutocin teburi da amfilifaya suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. A tura shi zuwa 230 tun kafin a naɗe kayan, kada a bar wa wanda zai buɗe.

Idan kuma dole sai na 120 ɗin, a manna farar takarda a kan filogin kansa, a rubuta da Hausa da manyan baƙaƙe cewa kada a jona sai da taransifoma. A aika hoton rubutun ta WhatsApp, a bi shi da saƙon murya, domin wanda zai fara buɗe kwalin ba lallai ya iya karatun boko ba, kuma ɗokin tsaraba ba ya jiran mai gyara.

Su kuma na gida, idan kwali ya iso, a kai shi wurin mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola ya duba kafin a kusanci soket. Kuɗin dubawar bai kai na sabon akwati ba, kuma akwatin Lionel ko na Kato ba a samunsa a kasuwar Maraɗi.